Gwaggo Mai Ƙwace Man Jarirai

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai tattara ya koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta amsa kiran da hantsi, ina cikin wankan jego a gidanmu na Illela, ɗana na fari bai daɗe da suna ba.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin wanda dariya ke kufce wa mutane a tsakiyar kuka kamar nata ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Akwai danginmu na Araba, akwai na Gidan Katta, akwai waɗanda suka ƙetaro iyaka daga Ƙwanni. Ni ina daga ɗaki, labule a ɗage, jariri a cinya, ina jin kowa.

Ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwa daga Araba, ita ta fara. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah Shi jiƙan ki, 'yar'uwa. Ba a yi tsohuwa mai son ƙamshi irin ki ba. Tun kina zaure mutum ya san kin iso."

Matar maƙwabcinmu ta ce, "Ni dai na yahe mata man nan mai ruwan hoda da ta ƙwace ran sunan autana. Ko buɗe shi ban yi ba."

"Ke ɗaya? Wa ta bari?" in ji wata daga baya.

Sai dariya ta tashi, mahaifiyata ta ce a yi salati, aka yi, aka koma kuka. Matar Baffa kuwa, wadda ta taɓa shafe damina guda ba ta yi wa Gwaggo magana ba, ita ta fi kowa zubar da hawaye.

Bayan la'asar surukata, mahaifiyar mijina, ta zo gaisuwa. Doguwar mace ce, fara, mai fara'a, tun da na shiga gidan ɗanta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta gaisa da manya, ta shigo ɗaki ta karɓi jaririn. Ta juya kunnensa ta duba, ta duba gaɓoɓin yatsunsa, yadda mata ke yi in suna son sanin launin da yaro zai tsaya a kai.

Ta ce, "Kunnuwan ga sun hwara duhu. Gidanku zai biyo."

Ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba ba rubutu a jikinta, cike da mai ruwan ɗorawa.

"Haɗi na musamman na sa aka yi mishi. In kin koma ɗakinki sai mu hwara, tun hwatar tana ɗanya. Za ki ga yadda zai washe."

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. A lokacin na tabbata Gwaggo ta mutu, don ba wanda zai ɗaga labulen nan ya ƙwace kwalbar daga hannuna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Gwaggo ta yi aurenta a Ƙwanni, mijin ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan ƙaninta tun kafin a haife ni. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, ita ke masa wankan fari. Gajera ce, baƙa, hannuwanta ƙanana, amma in ta riƙe jariri a cikin baho sai ka ga kamar da shi aka halicce ta.

Abin da aka fi sanin ta da shi kuwa shi ne farmakin kayan barka. Kowa ya san yadda ake yi: in an haihu, mata su yi ta zuwa da sabulai, da hoda, da man shafawa, da turare, a tara a faranti. Gwaggo takan jira sai ɗaki ya cika, masu kawowa suna zaune, sannan ta shigo da sallama ta ja farantin gabanta. In jaririn namiji ne, sai ta ce, "Wanga ai mijina na. Kayan miji kuwa na matarsa na." In mace ce, ta ce, "Wagga 'yar ƙwailar za ta hi ni ƙamshi a gidan ga? Ba a yi ta ba." Wasan kaka da jika ne, ba mai ikon jin haushi. Sai ta yi ta zaɓe. Ta buɗe wannan ta shinshina, ta lakato wancan ta murza a bayan hannu, ta zuba wasu a zaninta, ta bar wasu. Wadda ta kawo mai tsada ma har daɗi take ji in nata aka ɗauka.

"Ke kin san kaya," Gwaggo za ta ce mata. "Wanga ya hi ƙarhin yaro, sai mu manya."

Ina ƙarama na ɗauka kwaɗayi ne, kamar yadda kowa ya ɗauka. Da na girma na fara lura da abin da take bari. Kullum iri ɗaya ne: basilin fari mara turare, man kaɗe, sabulun jarirai mai sauƙin ƙamshi, tsummoki da zannuwan goyo. Duk abin da ƙamshinsa ke riga murfinsa buɗewa, ya tafi. Duk hoda, ta tafi. Duk kwalbar da aka ɗura wa abu ba suna ba rubutu, ta tafi.

Ni ce mai karanta mata. Lokacin ina 'yar sakandare, ba abin da na sani sai kwanciya a bayan ƙofa da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa, inda kowace budurwa fara ce sol, gashi har baya, tana tafiya ƙamshi na bin ta. Ina tsakiyar wurin da saurayi zai furta abin da ke ransa sai in ji muryarta.

"Ke mai masoya, aje su nan, ba su gudu. Taho ki gaya min mi aka rubuta ga wanga."

In karanta mata sunan mai. Ta ce ba shi take tambaya ba, ƙananan rubutun baya take so. In yi ta tuntuɓe da kalmomin da ko malaminmu na kimiyya sai ya yi numfashi kafin ya faɗe su. Tana saurare da kai a karkace kamar mai jin labarin rediyo.

"Duk wanga cikin kwalba guda?"

"Duk, Gwaggo."

"Miyar biki ma ba ta kai haka kayan haɗi ba."

Ta koyi neman ranar lalacewa da kanta, ko da yake ba ta iya boko ba. Ta san inda ake buga ta, ta nuna mini da farce ta ce in faɗa mata ko ta wuce. Ta san a duba ko akwai lambar hukuma. Kayan da suka shigo daga ƙetare da rubutun Faransanci kuma, sai ta ajiye su har mijin yayata, ɗan Ƙwanni da ya yi lakwal, wato bokon Faransanci, ya zo gaisuwa. Bawan Allah yakan zo da kunyar surukai, ya ƙare a kan tabarma da kwalaben man jarirai a gabansa yana fassara.

Wata ranar kasuwa na raka ta rumfar wani mai kayan shafe-shafe. Ya ɗauko wata kwalba mai hoton jariri fari tas yana dariya, ya ce, "Hajiya, wanga shi ake yayi. Sati kaɗan yaro ya yi haske."

Gwaggo ta juya kwalbar ta ce, "Yaron ga na hoto, da shi aka shafa mishi, ko haka uwarsa ta haife shi?"

Ya yi dariya ya ce shi dai haka aka kawo masa.

"To mi ke cikinsa da ke cin baƙi? Abin da ya iya cin launi, mi zai hana shi cin hwata?"

"Hajiya, ni ɗan kasuwa na, ba likita ba."

"Kai kana da 'ya'ya?"

"Huɗu."

"Kana shafa musu?"

Ya sosa ƙeya ya ce uwarsu man kaɗe take sa musu. Gwaggo ta ce to a ba ta irin na uwar 'ya'yansa. Ba faɗa take yi ba. Da gaske take son ta sani, shi ya sa ba a jin zafin tambayarta. Har rakiya ya yi mana zuwa bakin rumfa.

Tana da maganganu da har yau nake jin su da muryarta. Takan ce, "Hwatar jariri sabuwar tukunya ta, duk abin da ka zuba mata sai ta sha." In ta ga an bankaɗa wa yaro hoda har tana tashi, ta ce, "Rabin ta ga wuya, rabin ta ga huhu." In an kawo kaskon turaren wuta ɗakin mai jego, ta fitar da shi waje ta ce a turara zannuwan uwar a can, shi baƙon bai saba da hayaƙin duniya ba. Ranar da ta tarar wata ƙanwarmu ta matsa wa cibiyar jariri man goge baki don ta yi saurin faɗuwa, ta goge shi a hankali, ta ce, "Cibiya ba ta da haƙora, ɗiyata. Ina maganin da aka ba ki asibiti?"

Rigimarta da matar Baffa a kan kwalli ce. Duk mu da muka girma a gidan nan, Gwaggo ce ta fara zizara mana kwalli a ido da hannunta, tana cewa yana wanke ido yana ƙara masa kyau. Wata rana ta raka yayata rigakafi, malamar asibiti, yarinya ƙarama da Gwaggo ta yi jika da ita, ta ga idon jaririn ta ce a daina, yawancin kwallin da ake sayarwa akwai dalma a ciki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Yayata ta ce ta zaci Gwaggo za ta wanke yarinyar tas. Sai ta ga ta ja benci ta zauna.

"Dalma irin ta maƙera? Ta ina take bi ta shiga, ido ko baki? Duk kwalli, ko wani iri? Yaya za a gane mai ita?"

Malamar ta ce da ido ba a ganewa. Gwaggo ta ce, "To abin da ba a ganewa, ba a sa wa wanda bai iya magana."

Tun ranar tandun kwalli ya shiga cikin abubuwan da take ƙwacewa. Da aka haifi jikar matar Baffa, Gwaggo ta ɗauke tandun da aka ajiye a gefen gado, matar Baffa ta ce wannan kam ba wasa ba ne.

"Yaya, ke da hannunki kika sa wa 'ya'yana. Wane ne ya makance? Yau wata 'yar boko ta hwaɗa miki magana guda kin zubar da abin iyaye da kakanni?"

"Na sa musu don ban sani ba. Yanzu na ji."

"Jaririya ba kwalli, ido kamar na ɗan akuya!"

"Ɗan akuya ai yana gani."

Matar Baffa ta fizge tandun, ta ce jikarta ce. Gwaggo ta saki, ta fita. Wannan ne karo ɗaya da na ga wasan ya ƙi ci, kuma na ga yadda ya yi mata ciwo. Damina ta shiga ba sa magana. Ana nan wuyan jaririyar ya saɓule saboda gumi da hoda da suka dunƙule a cikin lanƙwasar fata, tana ta kuka ba ta shan nono sosai. Ba wanda ya aika wa Gwaggo. Ta ji kukan ta katanga, ta ɗauki mayafi ta shiga, ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta bar shi ya sha iska. Da ta ga ya fara ruwa, ta ce wannan ya wuce man kaɗe, ta goya yarinyar da kanta zuwa asibiti cikin yayyafi, matar Baffa na biye da lema. Sun dawo suna hira. Maganar kwalli ba wanda ya sake tayar da ita, amma ban ƙara ganin sa a idon yarinyar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda kayan ke zuwa. Masu ƙamshi tana shafa su da gaske, don masu kawowa su ji a jikinta su san ba a wulaƙanta kyautarsu ba. Wani lokaci damtsenta ya yi ƙuraje, ta nuna mini tana dariya: "Dubi abin da ya yi wa tsohuwar hwata, ina ga sabuwa." Amma masu sa hasken fata ban taɓa ganin ta taɓa su ba, kuma har ta rasu baƙinta na nan mai sheƙi kamar daren da aka yi ruwa. Na taɓa jin wata ta tambaye ta ina wanda ta kawo. Gwaggo ba ta ƙarya. Ta ce, "Ya tahi inda ya dace da shi." Daga baya na gan ta ta nufi bayan gida da wata kwalba a ƙarƙashin zani, ta fito ba ita.

Na tambaye ta sau da yawa me ya fara sa ta wannan hali. Ni da na saba da littattafai, na tabbata akwai wani labari mai sa kuka a baya. Ƙawarta ta Araba ta ce ta taɓa haihuwa a Ƙwanni, yaron bai yi kwana da yawa ba, amma zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ba mai ba. Mahaifina ya ce tun suna yara haka take, ko ƙwai aka ba ta sai ta tambayi wace kaza ce. Ita kuwa da na matsa mata, sai ta ce, "Ke komi sai an yi mishi labari? Yaro bai iya cewa yana ƙaiƙayi. Shi ke nan."

Da na haihu ta riga ta kwanta ciwo. Ba ta iya yi wa ɗana wankan fari ba, mahaifiyata ce ta yi, Gwaggo na daga gado tana ba da umarni. Ran suna ta sa aka kai mata farantin barka har shimfiɗa. Ta yi zaɓenta, ta ɗaga yaron da ƙyar ta ce, "Angona na ƙarshe. Baƙi kamar ni, ka huta da rana." Wannan ne farmakinta na ƙarshe.

Na yi arba'in na koma ɗakina, kwalbar surukata na cikin jakata. Na yi tunanin in bi da ita bayan gida in ce ta ƙare, amma za a kawo wata, kuma za a duba yaron a ga bai canza ba. Na gaya wa mijina, ina sa ran zai miƙe kamar mazajen littattafaina ya ce ba mai taɓa ɗansa. Ya duba kwalbar, ya duba ni, ya ce, "Inna ce fa. Ko ki ɗan shafa kaɗan a ƙafa?" Da ya ga fuskata sai ya tuna ana jiran sa a kasuwar shanu.

Da safe surukata ta zo daidai lokacin wanka. Na tsane yaron, na shimfiɗa shi a cinya. Ta zauna kusa da ni tana masa wasa, ta ce, "Ina man? Kawo in nuna miki yadda ake yi."

Gwaggo tana da tsufa, tana da wasan jika, tana da bakin da ke karɓe abu a hannun mutum ya tafi yana murna. Ni ba ni da ko ɗaya. Suruka ce ni, wadda ko sunan matar nan ba na iya faɗa. Na ɗauko kwalbar, na sauko daga kujera na durƙusa, yaron a kafaɗata.

"Inna, ki gafarce ni. Ba zan iya sa mishi ba."

"Mi kika ce?"

"Ban san abin da ke ciki ba, Inna. Wadda ta haɗa ma ban san ko ta sani ba. In ya ƙone mishi fata, bai iya gaya mana. Ki bar mini shi yadda ya zo."

Yaron ya fara motsi. Ta dube ni.

"Wato ni zan cuci jikana."

"A'a, Inna. Na san don kina son shi ne."

"Marigayiya ko ƙwacewa za ta yi, sai ta sa ka dariya. Ke kuwa ido da ido."

"Ban iya irin nata ba, Inna."

Ta karɓi kwalbar ta sa a jaka, ta gyara mayafi, ta fita ba ta ce sai an jima ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba a zaman makoki, sannan na shafa wa ɗana man kaɗe na sa masa riga.

Har yau da nake rubuta wannan ba ta sake zuwa wankan safe ba. In na je gaishe ta, tana amsawa a taƙaice, ta karɓi yaron ta juya mini baya tana masa wasa. Ban san yaushe za ta huce ba, kuma abin na damu na, don ina son ta. Sai jiya mijina ya dawo yana ta kewaye-kewaye, ya ce Inna ta ba shi saƙo. Ƙanwarsa ta kusa haihuwa, za a fara sayen kaya. Inna ta ce a tambaye ni wane sabulu nake yi wa yaron wanka da shi, kuma wai ta ina ake duba ranar nan da ake cewa ta lalacewa.

Na ce ya gaya mata gobe zan zo da kaina in nuna mata.

Allah Ka yi wa Gwaggo rahama, Ka yalwata mata makwanci, Ka tausaya mata kamar yadda ta tausaya wa waɗanda ba su da bakin faɗin inda ke musu ciwo. Mu da ta bari, Ka sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.